A Ankara Sai Ka Ankara

Mutawakilu, ajiye dilar nan ka zauna,
jirgin yamma bai huro usur ba tukuna.
Tunda ka baro Aboabo ka zo koyon gwanjo a wurina,
kafin ka san farashin riga a Kantamanto
ka fara sanin hanyar komawa gida.
Garin nan sunansa Ankara,
mazauninsa kuwa sai ya ankara.

Jirgi dai ba surukinka ba ne,
ba ya tsayawa ku ƙare gaisuwa.
Wata asuba a Tema na tsaya sayen koko,
Barikisu na zuba sukari tana zuba labarin bikin 'yarta,
sai na jiyo kukansa daga nesa
kamar saniyar da aka ƙwace wa maraƙi.
Na iso da ƙosai a hannu,
na tarar da ƙarfe biyu kwance, babu kowa.
Ranar torotoro ta koya mini hankali:
awa uku a cunkoson Teshi,
gwiwata a bayan wani, kwandon kifin wata a cinyata,
yaron mota na rantsuwa ba shi da canji.
Na buɗe rumfa rana ta take tsaka,
masu sayen sari duk sun watse.

Saboda haka ka riga shi zuwa.
Ka tanadi ƙananan kuɗi tun dare,
mai yankan tikiti ba ya son babbar takarda da sassafe.
Tikitin kuma aljihun ƙirji ne gidansa,
kada ka haɗa shi da waya,
kada ka nannaɗe gyaɗa da shi,
mai dubawa yakan zo lokacin da barci ya yi daɗi.

Bakin ƙofa ba wurin zaman mai uwa ba ne.
Samari na lilo a nan don a ce da su gwanaye,
kai dai shige ciki.
Kada ka leƙa kai ta taga kafin mu wuce Odo,
rumfuna sun matso har suna shafar jikin jirgi,
kwanon rufi kuwa bai san kunnen baƙo ba.
In ka ga mai ciki ko tsoho a tsaye, miƙe,
ƙafarka ba ta kai ta gaji ba.

To, ga abin da ya sa na ƙi mota.
Abin da nake ragewa a kuɗin hanya
shi ya saya wa Zuwaira keken ɗinki.
Ƙafa na miƙewa, baya na hutawa,
babu ɗan sanda, babu rami, babu oda.
Kana zaune za ka hango motoci a Acimota
sun jeru kamar tururuwar da aka toshe wa rami,
ka wuce su kana ɓare lemo.
A tarago na uku na sauke izu biyar da suka gagare ni a gida.
A nan muka ƙulla adashi mu tara,
har da wani Kwabena mai gyaran agogo
wanda yanzu ya fi ni iya cewa madalla.

Yau ka zauna ta hannun dama.
Bayan Nungwa ƙasa za ta ƙare maka a ido,
teku ya taso yana wanke duwatsun Sakumono,
rana ta faɗa cikinsa ja wur kamar manja.
Ku mutanen Kumashi ba ku da wannan.
Shekara goma sha ɗaya ina kallonsa,
har yau nakan daina lissafin ciniki in mun iso.

Ba na ce ba shi da hali ba.
Wata rana ya makara, wata rana ya ƙi zuwa sam,
ka riƙe kuɗin mota a wani aljihu daban.

Ji can, ƙasa ta fara rawa.
Ɗauki dilar ta wancan kunnen,
ni zan kama nan.